Ina Ƙumbar Gulbinmu Ta Tafi?

Duk wanda ya tashi a Jega, ko Gindi, ko ƙauyukan fadama na ƙasar Maiyama, ya san ƙumba. Ba ƙumbar yatsa nake nufi ba, wadda malaman makaranta ke dubawa ranar Litinin. Ina nufin ƙumbar gulbi, 'yar halittar nan mai ɓawo biyu da ke buɗewa su rufe kamar littafi, wadda ke binne kanta cikin yashi a ƙarƙashin ruwa. Wasu makankari suke ce mata, domin da ɓawonta iyayenmu mata ke kankare ƙanzon tukunya kafin cokalin ƙarfe ya yi arha. Yara kuma su tara ta su yi wasa. Mu dai a nan ba kowa ne ya ɗauke ta abinci ba, shi ya sa ba ta da daraja a kasuwa, shi ya sa kuma da ta fara ƙaranci ba wanda ya ɗaga murya.

Amma fa ta yi ƙaranci. Je ka bakin gulbi da rani ka tona yashi, ko ka tambayi duk wani Basarke da ya manyanta. Tsofaffin ɓawo za ka samu, farare, sun sha rana. Manya masu rai ma akan dace da su jefi-jefi. Abin da ke da wuyar samu shi ne ƙanana, kuma a kan waɗannan ƙananan nake son mu yi magana, 'yan'uwana ɗalibai, domin ina ganin labarinsu shi ne labarin kifin da ke ta tsada a gidajenmu.

Bari in fara da yadda wannan halitta ke rayuwa, don sai an fahimci wannan sauran bayani zai zauna.

Ƙumba ba ta farauta, ba ta kiwo. Tana zaune wuri ɗaya, ta zuƙo ruwa ta wata kafa, ta tace 'yan ƙananan tsirrai da ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani ta ci, ta fitar da ruwan ta wata kafar. Babba guda ɗaya tana iya tace lita gommai a yini. Ka ƙiyasta dubbai a shimfiɗe a gindin gulbi, dare da rana suna wannan aiki, babu albashi, babu yajin aiki. Matatar ruwa ce da Allah ya dasa. Sai dai wanda aikinsa tace ruwa ne, duk abin da aka zuba a ruwan cikinsa zai bi. Ba ta da ƙafar gudu kamar kwaɗo, ba ta iya canza gurbi cikin dare ɗaya kamar tarwaɗa. In ruwa ya ɓaci, iyakarta ta rufe ɓawo ta jira, in ɓacin ya daɗe ta mutu a inda take.

Abin da ya fi ba ni mamaki a lokacin da na fara karanta shi, shi ne yadda take haihuwa. Uwar tana riƙe ƙwayayenta a cikin jikinta har su ƙyanƙyashe, sannan ta sako 'ya'yan cikin ruwa, dubbai a lokaci guda, kowanne bai kai ƙwayar yashi ba. To waɗannan 'ya'yan ba sa iya rayuwa da kansu. Dole kowanne ya sami kifi ya maƙale masa, a fata, ko a fukafuki, ko a jan naman nan na ƙarƙashin kumatu da kifi ke numfashi da shi. A nan zai zauna kwanaki ko makonni yana canza kama, sai ya zama 'yar ƙumba sosai sannan ya saki kifin ya faɗa cikin yashi. Wanda bai sami kifi ba, shi ke nan, ya tafi. Kuma ba kowane kifi ke karɓar kowace ƙumba ba. Wasu ire-iren suna da kifayen da suke bi, in ba su ba sai mutuwa. Wani masani Bature, Geoffrey Fryer, ya bi diddigin wannan a wajajen 1960 a ƙasar Yuganda, a kan wata ƙumba ta dangin Mutela, dangin da ake samu har a kogunan Afirka ta Yamma.

Ka ga ke nan kifi shi ne goyon ƙumba, shi ne kuma motarta. Da shi take haura gulbi ta kai inda ba za ta taɓa kai kanta ba. In kifi ya ragu, ko ya daina zuwa a lokacin da uwa ke sakin 'ya'ya, haihuwar wannan shekara ta tashi a banza.

Sai abu na biyu: ƙumba tana da tsawon rai. Duba bayan ɓawonta za ka ga layuka a jere kamar na kututturen itace, alamar shekarun da ta yi tana girma. Da yawa suna haura shekara goma, wasu ire-iren a ƙasashen sanyi har fiye da ɗari. A nan yaudarar take. Gurbi zai iya daina samun sababbin 'ya'ya shekara da shekaru, amma mai tona yashi ya ci gaba da cin karo da manya, ya ce ai lafiya lau. Kamar gari ne da aka daina haihuwa a cikinsa: shekarun farko kasuwa na ci, masallaci na cika, ba mai lura. Ranar da tsofaffin suka ƙare a lokacin ake cewa abin ya zo kwatsam, alhali ya daɗe da farawa.

To me ya hana ƙananan zuwa?

Mutane da yawa, musamman mu 'yan boko, da an taɓo maganar ƙarancin kifi sai mu nuna masunta da yatsa. Suna da nasu kason, zan zo kansa. Amma ni a ganina babban al'amarin yana ga ruwan kansa, yawansa da lokacin zuwansa.

Kifayen kogunanmu da cikowar damina suke haihuwa. Idan gulbi ya cika ya malala cikin fadama, tarwaɗa da ƙurungu da gargaza da falia da balli sukan bi ruwan su shiga cikin ciyawa su zuba ƙwai. A nan ƙananan ke samun abinci da maɓoya. Ruwa ya ɗauki watanni yana kwance, su girma, in ya fara janyewa su biyo shi su dawo gulbi. Masana harkar kifi sun daɗe da lura da cewa yawan kifin da za a kama a kogin da ke da fadama yana bin girman cikowar shekarun da suka gabata. Fadama ita ce ɗakin haihuwa, gulbi kuwa hanya ce da mafakar rani.

Wannan tsari ya sha duka a yankinmu. Farin shekarun 1972 zuwa 1974, da na 1983 da 1984, sun rage ruwa a duk faɗin Sahel. A tsakanin nan kuma aka gina madatsun ruwa: Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978, Goronyo a kan Rima a 1984. Wani mai bincike daga Ingila, William Adams, ya bi garuruwan da ke ƙasa da Bakolori a farkon shekarun 1980, ya tarar cikowa ta ragu, gonakin shinkafar fadama sun koma na gero da dawa, kamun kifi ya faɗi, masunta da dama sun ajiye sana'ar ko sun koma cin rani wasu ruwaye. Wani zai ce ai waɗannan madatsun ba a kan Gulbin Zamfara suke ba. Haka ne. Amma Gulbin Zamfara, da ya ratso ƙasar Anka da Gummi ya wuce ta Jega, a Gulbin Kabi yake zubewa, shi kuma ya gangara Kwara. Kifi bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Wanda ke hauro mana da damina daga can ƙasa yake tasowa, in an tauye can an tauye nan.

Kada kuma ambaliya irin ta 2012 ko ta 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a Kabi, ta ruɗe mu mu ce ai ga ruwa har ya yi yawa. Cikowar da kifi ke so ita ce mai zuwa a hankali, ta zauna, ta janye a hankali. Wadda ke zuwa da ƙarfi cikin 'yan kwanaki, jawur da laka, ta kwashe gaɓa ta binne gurabe, ɓarna take yi wa kowa, manomi da masunci da ƙumba baki ɗaya.

Sai mu zo kan rani, inda maganar ta fi ɗaci, don ta shafi tukunyar gidanmu. Tun shirin Fadama na farko da Bankin Duniya ya tallafa a shekarun 1990, ƙananan injinan ban-ruwa da rijiyoyin fadama suka fara yaɗuwa a Kabi. Da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, noman shinkafar rani ya bunƙasa ƙwarai. Yau ka tsaya a gadar Jega a watan Maris ka kasa kunne, ƙarar injina za ka ji ta kowace kusurwa. Can Aliero kuma albasa ce, wadda sunanta ya kai har kasuwannin kudu da maƙwabtan ƙasashe. Wallahi ba na cikin masu zagin wannan ci gaba. Kuɗin makarantata da na ƙannena daga buhun shinkafa suke fitowa, na san kuma rabin masu karanta wannan mujalla haka suke. Sai dai gaskiya ba ta ƙin a faɗe ta: kowane inji daga wani wuri yake zuƙo ruwa. Wanda ya jefa tiyo cikin gulbi kai tsaye yake sha. Wanda ya haƙa rijiya a fadama kuwa yana shan ruwan da ke kwance cikin yashin ƙasa, wanda shi ne ke tsattsafowa ya riƙe gurabe da rani. Rijiya ɗaya ba komai ba ce, amma dubbai fa?

Gurabe masu zurfi su ne mafakar manyan kifaye, iyayen baɗi, daga Fabrairu zuwa faɗuwar ruwan farko. In gurbi ya ja baya da taku goma, ƙumbar da ke gefensa ta rage a busasshen yashi. Wasu ire-iren namu suna da juriya, sukan nutse cikin laka su rufe ɓawo su jira damina, amma wannan dabarar manya ce. 'Yar da ba ta kai ƙwayar gero ba, yini ɗaya na zafin Afrilu ya ishe ta. Ruwan da ya rage kuma ya yi ɗumi, iskar da ke narke a cikinsa ta ragu, kifi ya taru wuri ɗaya a galabaice, kamunsa ya zama kamar ɗiban gyaɗa a faranti.

Ruwan da ya fita gona kuma ba ya dawowa yadda ya tafi. Masu karatun kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje sun san takin yuriya yana rikiɗewa ya zama amoniya. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka sun nuna ƙananan ƙumba na cikin halittun ruwa da suka fi kasa jure amoniya, har hukumar kare muhallin ƙasar ta tsaurara ma'auninta na amoniya a ruwan koguna a 2013 saboda su. Abin da kifi zai shaƙa ya wuce, ita kashe ta yake yi. Ga maganin ciyawa, ga maganin ƙwari. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, a ina ake wanke tankin feshi in an tashi daga gona? A ina ake jefa robar magani in ta ƙare? Ni na gani da idona, kai ma ka gani. Da damina ruwa mai yawa yakan surka abin ya tafi da shi. Da rani kuwa, lokacin da ake feshin sosai, a lokacin ne gulbi ba shi da ruwan surki.

Akwai kuma yashi. Gari na girma, kowa na son bulo, tifa na shiga har tsakiyar gulbi. Mai ɗiban yashi gidan ƙumba yake lodawa, da ita a ciki. Ta ɗaya gefen, an sare itatuwan gaɓa, an noma har bakin ruwa, zaizaya na turo laka mai laushi ta lulluɓe yashi mai tsabta. Halittar da ke numfashi ta hanyar tace ruwa, in ka rufe ta da taɓo ka shaƙe ta.

A sama can kuma, ƙasar Anka da Bukkuyum inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a 2010, tana cikin yankin da ruwansa ke gangarowa ta wajenmu. Ƙarfe mai guba irin dalma da zaiba ba ya ruɓewa, yakan kwanta cikin laka, ƙumba kuwa tara shi take yi a jikinta. Dalili ke nan da ya sa tun 1986 Amurka ke da shirin ɗibar dangin ƙumba daga gaɓar tekunta ana aunawa, don a san abin da ke cikin ruwan. Ga ma'auni kyauta a gindin gulbinmu.

To, masunta. Kayan su na gado suna da ido: birgi, kalli, koma, gura, mamari, kowanne da girman kifin da yake kamawa. Da kifi ya fara ƙaranci sai idon taru ya fara tsukewa, har aka kai ga ɗinka gidan sauron da aka raba don yaƙi da zazzaɓi ana jan sa a ruwa. Wannan ba ya barin komai. Je ka wajen masu banda ka ga kifin da bai kai tsawon yatsa ba an tara shi a tire. Kowane ɗaya a cikinsu da an bar shi da ya zama uwa, wataƙila kuma yana goye da 'ya'yan ƙumba a lokacin da aka kwashe shi. Mafi muni shi ne zuba guba. Kakanni sun san majimfa, amma ita ganye ce, ƙarfinta na gushewa. Gamalin kuwa, wanda sinadarinsa ke cikin jerin da yarjejeniyar Stockholm ta haramta a 2009, yana kashe na sama da na ƙasa, ya kuma bi kifin har cikin miya. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana guba da nakiya da lantarki. Dokar na nan a takarda.

Tafkin Kainji, wanda ƙasar Yawuri ke bakinsa, ya nuna mana yadda kamu ke iya faɗuwa. An rufe madatsar a 1968, kifi ya yi ambaliya, abin da aka kama ya haura tan 28,000 a 1971. Kafin ƙarshen shekarun 1970 ya dawo ƙasa da tan 5,000. Daga baya, a ƙarshen shekarun 1990, sai da aka haramta jan tarun da ake kira dala saboda yadda yake kwashe ƙananan kifaye. Ban ce masunci ba shi da laifi ba. Abin da nake cewa shi ne mutumin da ya jefa birgi sau hamsin bai sami na cefane ba, shi ne ke komawa gidan sauro. Tsukewar idon taru sau da yawa alama ce ta ciwon da ya riga ya kama gulbi, sannan ta ƙara masa tsanani. Kuma ya fi sauƙi a ƙwace tarun talaka a ƙona a gaban kyamara, da a zauna a tsara wa masu injina dubu yadda za su sha ruwa.

Wani zai ce, duk wannan surutu a kan makankari? To bari mu leƙa inda dangin ƙumba abinci ne kuma kuɗi, mu ga abin da ya same su.

A Gana, a ƙasan Kogin Volta kafin ya shiga teku, akwai wata ƙumba mai kauri da masana ke kira Galatea paradoxa. Ita ba ta buƙatar kifi ya goya 'ya'yanta, amma tana buƙatar yashi mai tsabta da tsarin hawa da saukar kogi. Kafin a gina madatsar Akosombo, mata ne ke nutso suna tsamo ta, sana'a ce babba tun daga wajajen Akuse har Sogakope. Binciken da Rowena Lawson ta wallafa a 1963 ya ƙiyasta abin da ake samu a kusan tan 8,000 a shekara. Aka kammala Akosombo a 1965, aka ƙara ta Kpong a farkon shekarun 1980. Cikowar shekara-shekara ta tsaya, ciyawar ruwa ta mamaye gindin kogi, laka ta kwanta. A shekarun 1990 abin da ake samu ya dawo wajen tan 1,700, wurin kamun ma ya tsuke zuwa ɗan yanki kusa da Ada a bakin teku. Sana'ar kuma ta suɓuce daga hannun mata da yawa ta koma ga maza masu injin tura iska, waɗanda ke iya daɗewa a ƙarƙashin ruwa suna kwasar manya da ƙanana. Duba jerin da kyau: an fara taɓa ruwa, abin kamu ya ragu, sannan kayan kamu suka ƙara zafi. Ba ka ga kamar a gida ba?

A namu kudancin, irin wannan ƙumbar ake ci a Kogin Kuros Riba, a yankin Neja Delta kuma mata na tsintar dangoginta a cikin taɓon dazukan bakin teku. Malalar ɗanyen mai a Bodo ta ƙasar Ogoni a 2008 da 2009 ta lalata wuraren tsintar, rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kuma ya ce gyaran ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30. A jihar Maine ta Amurka wata matsalar ce daban: teku ya ƙara ɗumi, wata ƙaguwa 'yar ci-rani da jiragen ruwa suka kawo daga Turai ta yaɗu, tana cinye ƙananan ƙumba kafin ɓawonsu ya yi ƙwari. Sanadi ya bambanta daga wuri zuwa wuri, amma kusan ko'ina a kan ƙanana dukan ke sauka. A Arewacin Amurka, inda ake da ire-iren ƙumbar kogi kusan 300, wajen kashi 70 cikin ɗari suna cikin haɗari, wasu gommai sun riga sun ƙare ƙaf.

Inda na ga abin koyi shi ne Gambiya. Matan da ke tsintar kawa a dausayin Tanbi kusa da Banjul sun haɗa ƙungiya mai suna TRY a 2007. A 2012 gwamnati ta damƙa musu ikon kula da wurin. Suka amince a tsakaninsu a rufe tsinta wata takwas a shekara, a buɗe daga Maris zuwa Yuni, a kuma bar ƙanana. Ba soja, ba ɗan sanda, su ke tsaron junansu domin sun san abin nasu ne.

Mu kuwa ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Me ya sa ake fito da giwan ruwa mai nauyin kilo 78 a Matan Fada, kamar yadda aka yi a bikin Argungu na 2020? Domin ana hana su a wurin har sai ranar da aka buɗe. Bikin da ya samo asali a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, a gindinsa dokar hutun ruwa ce, Sarkin Ruwa ke riƙe da ita. Garuruwan gulbi da dama suna da irin wannan: gurbin da ba a taɓawa sai an yi shela, ranar su ta gari, hukuncin wanda ya saci ruwa. Abin da ya canza shi ne ikon Sarkin Ruwa a kan masunta ya tsaya. Ba shi da ta cewa a kan mai inji, ko mai tifa, ko mai wanke tankin feshi, alhali yanzu su ne suka fi taɓa ruwan. In da za a tambaye ni, da na ce a fara daga nan: kowane gari ya ware gurbi ɗaya ko biyu mafi zurfi, a ce daga Fabrairu zuwa saukar damina ba taru, ba tiyo, ba tifa, kuma a zaunar da shugabannin manoman shinkafa da na masu yashi a shimfiɗa ɗaya da Sarkin Ruwa lokacin yanke maganar. Manomi zai ɗan ja tiyonsa gaba, zai ƙona ƙarin mai, ban ɓoye wannan ba. Amma shi ma kifi yake saye, kuma a garin da ke bakin gulbi yau kifin ƙanƙara da aka shigo da shi daga ƙetare ne ke cika tire. Alƙaluman da gwamnatin tarayya ke yawan ambata sun ce ƙasar na buƙatar kimanin tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da take samarwa kuwa bai fi miliyan ɗaya da 'yan kai ba.

Saura mu ɗalibai. Duk shekara muna rubuta furojet, da yawa kwafe ne daga na waɗanda suka gabace mu, a canza sunan gari a kai wa malami. Ga aiki nan da bai buƙatar komai sai rula, da rariya, da igiya, da littafin rubutu. A sami izinin Sarkin Ruwa, a tafi da masunci wanda ya san gurabe, kada wanda bai iya ruwa ba ya ce zai gwada jarumta. A zaɓi wuri uku ko huɗu, misali sama da gadar Jega, ƙasa da ita, da wani gurbi a ƙasar Maiyama nesa da injina. A kowane wuri a auna murabba'in mita ɗaya, a tona yashi zurfin taƙi guda, a tace da rariya, domin hannu kaɗai manya yake ji, ƙananan ta tsakanin yatsu suke zubewa. A ƙirga masu rai daban, ɓawon matattu daban. A auna tsawon kowace, a rubuta, a mayar da ita cikin yashi yadda aka same ta. A maimaita sau goma a kowane wuri, a watan Maris ko Afrilu lokacin da ruwa ya ja.

In jadawalin ya nuna manya da matsakaita da ƙanana, gurbin na haihuwa. In manya ne zalla, an san inda aka kwana. Masu sashen kimiyyar gwaje-gwaje su ɗebi ruwan wurin su auna amoniya da iskar da ke cikinsa, da asuba kafin rana ta fito, don a lokacin ne iskar ta fi ƙaranci. Wanda ke da hanya da jami'ar Aliero, ko cibiyar binciken kifi ta New Bussa, ya nemi a auna masa dalma a naman 'yan kaɗan daga cikin manyan. 'Yan ajin baya kuma su koma wuraren nan dai a baɗi, a wata ɗaya, da rariya mai ido iri ɗaya, su ɗora nasu alƙaluman a ƙarƙashin na bana.